Cokali Shida na Gishiri

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar nan ta watan Agusta ba, ranar da na ji muryata tana fitowa daga wayar wata mata, ina koya mata abin da ya kusa kashe 'yarta. Na daɗe ba na ba da labarin. Amma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna riƙe da waya kuna naɗar saƙo kullum, gara ku ji shi daga bakina.

Sunana Hadiza, haihuwar unguwar Poumpoumré ce ni a nan Garoua. Mahaifina mahauci ne, kakansa daga ƙasar Hausa ya zo da fatauci ya zauna. A gida Hausa muke yi, a titi Fulatanci, a makaranta Faransanci. Bakunan nan uku su suka sama mini aikin wayar da kan jama'a a wani ofishin lafiya. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Takarda takan zo daga sama da Faransanci. Mu mu mayar da ita bakin da mutane ke ji, mu naɗa a waya, mu aika gidan rediyo, mu kuma tura wa 'yan rele, wato masu aikin sa-kai da ke zaune cikin ƙauyuka suna isar da saƙonmu gida-gida. Ƙa'ida ita ce babu saƙon da zai fita sai babban likita ya saurara ya sa hannu. Saƙon Fulatanci kowa a ofis yana ji, in ka yi kuskure mutum biyar za su tare ka. Na Hausa kuwa ni kaɗai ce, domin Hausa a nan ba bakin masu yawa ba ne.

Ranar Alhamis labari ya zo cewa amai da gudawa sun ɓulla a zangunan masunta da ke kewayen dam ɗin Lagdo. Yawancin masunta da matan da ke bandar kifi a can da Hausa suke ciniki. Fakitin garin gishiri da sukari da ake rabawa bai isa ba, ruwan sama kuma ya ɓata hanya. Sai aka ce mu koya wa mutane yadda za su haɗa a gida kafin su isa asibiti: litir ɗaya na tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Dokta Hamadu, shugabanmu, ya leƙo ya ce, "Madam Hadiza, kafin la'asar nake son saƙon nan ya fita."

Sau uku ina naɗa, ruwan sama yana dukan kwano yana ɓata sautin. A na huɗu ruwan ya ɗan tsagaita, na ture takardar gefe don na haddace ta, na yi sauri na faɗa. Dokta ya kara wayar a kunne, ya ji "litir", ya ji "asibiti", ya gyaɗa kai ya sa hannu. Ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Na tura wa 'yan rele, na tashi na tafi gida da jin na yi aiki.

Washegari da misalin ƙarfe goma wayata ta yi ƙara. Majo Buba ne, babban ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da dam. Majo shi ne sunan da muke kiran mai riƙe da irin wannan asibiti. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce da Fulatanci, "An kawo mini yarinya 'yar shekara uku a kwalekwale. Tana fizge-fizge, bakinta a bushe, ba irin na masu gudawar da na saba gani ba. Uwar ta ce ruwan da asibiti ya ce a ba ta shi take ba ta tun jiya. Ni ba na jin Hausa sosai. Bari in kunna miki wayarta."

Na ji ƙarar ruwan sama sama-sama, sannan na ji kaina ina sallama cikin natsuwa. Na ji na ce a tafasa ruwa litir ɗaya. Sai na ji na ce, a fili, ba gargada, "Ku zuba gishiri ƙaramin cokali shida, sukari rabin cokali."

Majo ya ce, "Alo? Me kika ce a ciki?"

Na zauna a ƙasa tsakanin tebur da bango. Mai gudawa jikinsa ya riga ya rasa ruwa. In ka ɗura masa gishiri haka, ka ƙara tsotse abin da ya saura, ƙaramin yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa ake taɓawa. Wannan na san shi, ni nake koya wa wasu shi. Na buɗe wayata don in goge saƙon, sai na ga ba amfani. 'Yan rele sun riga sun tura shi gaba tun jiya, kamar yadda muka roƙe su.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne in ce wani ne ya yanka muryar ya sauya ta. Ana yin haka, kuma da an yarda da ni, tunda babu mai jin Hausa a ofis. Na yi kusan minti biyar ina juya maganar. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne tunanin cewa a wannan minti biyar ɗin wata uwar tana can tana ƙirga cokali.

Na shiga ofishin Dokta na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye. Malam Sali, mai kula da harkar ma'aikata, yana wurin. Shi ya fara magana.

Ya ce, "A tura sabon saƙo kawai, daidai, kada a ambaci na farko. Mutanen nan da ƙyar muka samu suka fara yarda da mu. In muka ce mun yi kuskure, gobe ko rigakafi muka kawo za su kore mu."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ita ce za ta rufa mini asiri. Dokta ya dube ni ya ce, "Ke me kika gani?"

Na ce, "Dokta, murya ɗaya ce. Ɗaya ta ce shida, ɗaya ta ce rabi. Uwar da ke tsibiri ta yaya za ta san wacce ce ta baya? Dole in ce na farkon kuskure ne, in faɗi sunana."

Ya ce, "Kin san abin da zai biyo baya a kanki?"

Na ce na sani.

Ya ce, "To naɗa. Amma wannan karon sai wani ya ji. Wa ke jin Hausa a gidan nan?"

Sai Malam Sali ya ce, "Baba Umaru fa?" Baba Umaru direbanmu ne, dattijo, ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Najeriya kafin ya dawo. Kullum da Hausa muke gaisawa da shi, amma ban taɓa tunanin in ba shi saƙo ya saurara ba, don shi direba ne. Aka kira shi daga gindin bishiya. Na karanta daga takarda, ina bin kowace kalma da yatsa. Ya saurara sau biyu, ya maimaita mini abin da ya ji, sannan ya ce, "'Yata, gaisuwar ta yi tsawo. Mai ɗa a kwance ba zai jira ba. Fara da cewa a tsaya." Na sake naɗa, na fara da, "Ku tsaya, kada ku yi aiki da saƙon jiya. Ni ce Hadiza, na yi kuskure."

Muka tura wa 'yan rele, aka kai gidan rediyo. Dokta ya kira limaman da muke da lambarsu ya roƙa su sanar bayan sallar Juma'a. Ni da Baba Umaru muka ɗauki lasifika da kwali biyu na fakitin da ya rage muka kama hanyar Lagdo. Duk tsawon hanya wayata na hannuna. In ta yi ƙara sai in ce an kira a faɗa mini yarinyar ta rasu.

Mun isa bayan azahar. Majo Buba ya kai ni ɗakin. Yarinyar, Safiya, tana kwance an sa mata ƙarin ruwa, idonta rabi a buɗe, hannunta yana motsi shi kaɗai. Uwarta Jummai tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar gadon. Na yi sallama. Tana jin sallamar ta ɗago kai.

Ta ce, "Ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

Ban san me na zata za ta yi ba, ko zagi ko duka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Na ɗanɗana fa. Na ji ya yi ɗaci. Tana turewa, tana kuka. Na ce ai magani ba ya daɗi, kuma asibiti ne suka faɗa. Na danne ta na ba ta."

Har yau ban manta da wannan magana ba.

Mijinta Iliya yana tsaye a bakin ƙofa, dogon mutum, masunci, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya daɗe yana kallona. Na matsa kusa da Majo ba tare da na sani ba. Can ya ce, "Sabon saƙon naki ba zai isa tsibirinmu ba, babu reso, wato sabis ɗin waya, a can. Na jiyan ni na kai shi da kaina. Na sauke shi a nan kasuwa, na bi waya-waya ina tura musu. Kwalekwalena yana bakin ruwa."

Ban iya iyo ba, ban taɓa shiga kwalekwale ba. Kuma mutumin da zai tuƙa ni tsakiyar ruwa 'yarsa tana kwance saboda ni. Majo ya ce in bari a aika ɗan rele. Amma muryata suka yarda da ita, baƙuwar murya ba za ta warware ba. Baba Umaru ya kulle mota ya ce, "Mu je, ina tare da ke."

Tafiyar ta fi awa ɗaya. Hadari ya haɗo daga gabas, ruwan ya yi duhu, igiyar ruwa tana dukan kwalekwalen tana watso mana. Iliya yana baya riƙe da inji. Na riƙe katako da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani. A wani wuri ya kashe inji kwatsam, muka tsaya cik, ba tudu ko ta ina. Na juya na dube shi, na zata ramuwar 'yarsa zai yi. Ashe tsohuwar raga ce ta naɗe farfela. Ya sunkuya ya warware ta, ya tada inji muka ci gaba. Na ji kunyar abin da na zata.

Hayaƙin bandar kifi muka fara hangowa kafin bukkoki. Muna sauka na ɗaga lasifika na faɗi abin da ya kawo ni. Mata suka bar murhunsu, maza suka taso daga gyaran raga. Kafin in gama an kewaye mu.

Wani ya ce, "Jiya shida, yau rabi. Gobe kuma nawa?"

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Da gangan ne! Don mu baƙi ne a nan, so ake a rage mu!"

Maganar ta kama kamar wuta. Aka fara matsowa, wani ya fizge lasifikar daga hannuna. Na ga wani saurayi riƙe da filafilin kwalekwale. Baba Umaru ya shiga gabana yana ba da haƙuri, ba mai jin sa. Bayana ruwa ne, gabana mutane. Na duba inda Iliya yake, na gan shi tsaye ya harɗe hannu.

Wata tsohuwa ce ta ratso taron, baƙar toka har gwiwar hannunta. Inna Laraba, shugabar matan banda. Ta ce a yi shiru, aka yi. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Wanda ya zo kisa ba ya dawowa ya ce ni ne. Ni jiya da na haɗa na sa a baki na tofar, na hana na kusa da ni. Amma ban kai ko'ina ba. Ke yarinya, kin ce na yau ne daidai?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "To haɗa a nan, ki sha muna gani."

Aka kawo tafasasshen ruwa da gorar litir ɗaya da cokalin shayi. Ina aunawa mata suna ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, har shida. Gishiri rabi. Na girgiza na sha kofi guda. Inna Laraba ta karɓa ta kurɓa, ta juya ga matan ta ce, "Kun ji. In kin haɗa ki ɗanɗana tukuna. In ya fi hawayenki gishiri, ki zubar, ko wa ya faɗa miki." A takardunmu na Faransanci akwai irin wannan gargaɗi, amma ni ban sa shi a saƙona ba don kada ya yi tsawo.

Aka mayar mini da lasifikar. Muka rabu kashi biyu muka bi bukka-bukka, muna raba fakiti, muna goge tsohon saƙon daga wayoyi, muna sa sabon. Iliya ne ya riƙa nuna mana wayoyin da ya tura wa. Mun sami gida huɗu da aka haɗa ruwan. A uku marasa lafiyar manya ne, sun kurɓa sun ƙi. Muka sa aka shirya kai su wurin Majo.

Gida na huɗu shi ne na ƙarshen tsibiri. Tun daga nesa na ga tabarmi a shimfiɗe da maza zaune. Wani dattijo ne ya rasu da safe, an riga an kai shi. Kwana uku yana gudawa. 'Yarsa ta fito ta tare ni, mace kamar sa'ata. Ta ce ta ba shi kofi biyu na ruwan jiya da yamma, ya sha don ba ya musu da ita.

Ta ce, "Malama, ki faɗa mini gaskiya. Ni na kashe shi?"

Na ce, "Ba ke ba ce. Kin yi abin da aka ce miki. In akwai laifi, nawa ne."

Ta ce, "Allah Ya sa kwanansa ne ya ƙare." Ta koma ciki. Daga baya na tambayi Majo, na tambayi Dokta. Dukansu sun ce tsoho mai gudawar kwana uku yana iya tafiya ko da ba a ba shi komai ba, kuma gishirin yana iya gaggauta shi. Babu mai iya rabewa. Da wannan rashin sanin nake zaune har yau.

Mun dawo tudu gab da magariba. Da zan sauka Iliya ya riƙe kwalekwalen da ƙafa har na taka ƙasa. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Ki yi wa yarinyar addu'a." Ban koma Garoua ba, na zauna a asibitin ina taya Majo aiki. Ranar Lahadi da hantsi Safiya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Bayan kwana biyar aka sallame ta tana tafiya da ƙafarta.

A ofis aka ba ni takardar neman bayani, na amsa a rubuce, aka dakatar da ni daga naɗar saƙo na wata guda. Ban yi ƙorafi ba. Abin da Malam Sali ya ji tsoro kuwa ya faru a wasu wurare: akwai zangon da ya ƙi karɓar 'yan rele har ƙarshen damina. A tsibirin Iliya kuma, da aka zo rigakafi, Inna Laraba ta aiko cewa in dai Hadiza ce ta faɗa za su fito.

Kada ku zaci an gama. Bayan wata huɗu wata 'yar uwata da ke ciniki a Mayo-Oulo, kusa da iyakar Najeriya, ta turo mini saƙon murya ta rubuta, "Ga abin amfani, ki tura wa wasu." Na kunna. Tsohon saƙona ne. Ba ta ma gane muryata ba. Ya tsallaka iyaka ko bai tsallaka ba, ban sani ba. Gyaran ya tsaya inda ƙafafunmu suka kai, shi kuwa kuskuren yana tafiya shi kaɗai.

Tun daga lokacin muka sauya tsari. Babu saƙon da zai fita sai mai jin bakin ya saurara ya maimaita abin da ya fahimta, ko direba ne, ko mai shara. Babu mai faɗin awo da ka. Kowane saƙo yana ɗauke da ranar da aka yi shi, da yadda mai sauraro zai gwada da kansa ya gane in an yi kuskure. Har yanzu muna da bakuna da yawa a arewacin nan da ba mu da kunne na biyu a kansu, kuma wannan yana hana ni sakewa.

Na san ana ta maganar na'urorin da za su riƙa fassara saƙo zuwa kowane baki cikin ƙiftawar ido, kuma reso yana ƙara shiga tsibirai. Ina murna da haka, zai ceci mutane da yawa. Amma duk saurin da aka ƙara wa saƙo, an ƙara wa kuskure. Mu a aikin nan kullum kukanmu shi ne mutane ba sa jin magana, sun fi son jita-jita. Ni na ga akasin haka, kuma ya fi ban tsoro. Na ga uwar da harshenta ya faɗa mata gaskiya, 'yarta ta faɗa mata gaskiya, ta bar duka biyun ta bi maganata. Don haka kafin ka danna tura, ka tuna akwai wadda za ta yi daidai abin da ka ce.